Rage Tuwo Ba Raina Girkin Uwargida Ba Ne

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci a kan wata matsala da ke haddasa rashin jituwa tsakanin ma'aurata a ƙauyukanmu, amma ba a cika maganarta a fili ba. Matsalar kuwa ita ce ta magidancin da likita ya ce ya rage cin tuwo, shinkafa da kayan zaƙi saboda ciwon sukari ko yawan ƙiba, ya koma gida ya tarar uwargida ba ta amince da wannan tsari ba.

Ni manomi ne, ina kuma taɓa 'yar tireda a kasuwannin ƙauye, karatuna bai wuce firamare ba. Ni ba likita ba ne. Sai dai shekara 3 ke nan ina ɗauke da wannan lalura, kuma a layin asibiti da rumfunan kasuwa na ji koke-koken magidanta irina da dama. Wani ya daina bin dokar likita don a zauna lafiya a gida, wani kuma ya bi dokar amma gida ya ƙi zaman lafiya. Duka biyun asara ce.

Kafin in shiga maganar gida, bari in faɗi abin da malaman asibiti suka fahimtar da mu. Masara, dawa, gero, shinkafa, rogo, doya, dankali, burodi da taliya, duk abinci ne mai yawan sitaci. In sun shiga ciki sai su narke su zama sukari a cikin jini. Jikin ɗan Adam yana yin wani sinadari da ake kira insulin, shi ke kwashe sukarin daga jini ya kai shi inda zai zama ƙarfi. Mai ciwon sukari, ko dai sinadarin ya yi masa kaɗan, ko kuma jikinsa ba ya jin aikinsa sosai. Sai sukarin ya taru a jini, a hankali ya riƙa lalata ido, ƙoda da jijiyoyin ƙafa. Shi ya sa za ka ga mutum ya ji ɗan ciwo a yatsa ya ƙi warkewa, har ta kai ga yanke ƙafa. In aka auna mutum da safe kafin ya karya aka ga lamba 126 ko fiye, aka sake aunawa wata rana aka ga haka, to ciwon ya tabbata. Kuma ba cutar masu kuɗi ko mutanen birni kaɗai ba ce. A ƙididdigar da ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta fitar a 2021, manya miliyan 537 ne ke da shi a duniya, miliyan 24 daga cikinsu a nan Afirka.

Abin da aka ce mu yi shi ne mu raba kwanon abinci kashi 4. Kashi 2 ganye, kamar zogale, rama, alayyafo, kabeji, yakuwa ko kuɓewa. Kashi 1 kifi, ƙwai, nama, wake ko awara. Kashi 1 da ya rage shi ne na tuwo ko shinkafa, wato malmalar da ba ta wuce dunƙulen hannun mutum ba. Ga wanda ya saba tashi da malmala uku da dare, ya sha koko da sukari da safe, ya dama fura da rana, wannan ba ƙaramin canji ba ne. To in ya yi wa mai ci nauyi, ina ga mai dafawa?

A nan nake son 'yan'uwana maza su natsu su saurare ni. In mace ta nuna ba ta so, ba ƙiyayya ba ce, tana da dalilanta, kuma masu ƙarfi ne.

Na farko, a wurinmu tukunya mutuncin mace ce. In kwano ya fita ya dawo da saura, mutanen gida suna gani, makwabta suna ji. Ranar da na fara mayar da rabin tuwo, abin da maiɗakina ta ce mini shi ne, "Malam, shekara 20 kana cin tuwona kana suɗe kwano, yau ne ya zama guba?" Duk wanda ya san mata ya san ba maganar sitaci take yi ba.

Na biyu, zargi. Namijin da ya daina cin abincin gida, abu biyu ake fara kawowa: ko yana ci a wani wuri da ba a sani ba, ko kuwa yana tsoron an zuba masa wani abu a miya. A gidan da ke da mata biyu abin ya fi muni, domin in ya rage a ranar girkin wannan, ya ɗan ƙara loma a ranar girkin waccan, to wuta ta tashi.

Na uku, rama. Mu a wurinmu ƙiba alamar jin daɗi ce. Da zarar tumbin magidanci ya fara sauka, riga ta yi masa yawa, sai dangi su fara tambaya, kuma matar za a tuhuma. Mahaifiyata da kanta ta kira maiɗakina ta ce, "Ke kuwa me kike ba shi ne ya lalace haka?" Wace mace ce za ta so a yi mata wannan tambayar?

Na huɗu, wanda ya fi duka, shi ne kuɗi da wahala. Hatsi yana cikin rumbu, ba sai an saya ba. Ƙwai da kifi kuwa sai an ciro kuɗi daga aljihu. In kuma aka ce a ɗora tukunya biyu, itace biyu ke nan, aiki biyu, ga yara suna kallon kwanon babansu da kifi nasu babu. Mace mai tausayin 'ya'yanta ba za ta ji daɗin wannan ba.

Tunda mun san dalilan, ga abin da na ga ya yi amfani a gidana da gidajen wasu abokaina.

Ka tafi da ita asibiti. Maganar da ta fito daga bakinka gardama ce, wadda ta fito daga bakin likita umarni ne. Ranar da muka je tare, malamar asibiti ta zaunar da ita ta yi mata bayani da Hausa, ta nuna mata girman malmalar da hannunta, ta kuma ce mata, "Maganin mijinki rabi yana wurinmu, rabi yana cikin tukunyarki." A benci kusa da mu akwai wani dattijo da sandar guragu, an yanke masa ƙafa ɗaya. Ban ƙara ko kalma ba. Tun daga ranar aikin ya zama nata, ba abin da aka ɗora mata ba.

Kada a raba tukunya. Tuwon gida ɗaya ne, miya ɗaya ce. Abin da za a canja shi ne yadda ake zubawa: a rage malmala, a cika miya, a ƙara ganye. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, dafaffen wake, alale, awara da miyar kuɓewa duk abincinmu ne na gado, babu baƙo a ciki. Yara ma in sun ci ƙaruwarsu ce.

Ka ɗauki nauyin cefanen da kanka. In ka rage cin hatsi, hatsi ya ragu a rumbu, to ka fitar da 'yan mudu ranar kasuwa ka sayar ka sayo busasshen kifi da waken suya. Ni na dasa zogale a bayan ɗaki, na sayo kaji 4 na ba ta ta kiwata, da sharaɗin ni ina sayen ƙwan a hannunta kamar kowa. Da damina muna shanya rama da zogale da kuɓewa a inuwa mu adana saboda rani. Gyaɗa kuwa daga gonata take.

Ka tare mata bakin dangi. Kai za ka je wurin iyayenka da 'yan'uwanka ka ce musu likita ne ya sa, ka nuna katin asibiti, ka kuma faɗa a gabansu cewa ita ce ke kula da kai. In kana da mata fiye da ɗaya, ka tara su wuri guda ka yi bayani sau ɗaya, ma'aunin kwano ya zama ɗaya a kowane ɗaki.

Sannan ka riƙe gaskiya. Ba zai yiwu ka ƙi tuwonta da dare ba, gari ya waye a gan ka a teburin mai shayi da rabin burodi da shayi mai kauri, ko ranar kasuwa kana korawa da lemon kwalba. Labari zai riga ka isa gida. Lemon kwalba guda na santilita 35 yana ɗauke da sukari kimanin ƙaramin cokali 9. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa a 2015 ta ba da shawarar kada sukarin da babban mutum ke sha a yini ya wuce kimanin cokali 12, in so samu ne ma ya tsaya a 6. Ni da nake sayar da sukari a tireda na san yadda muke kamfatarsa a koko ba ma ƙirgawa. Kuma kada ka manta da yabon girki. Kalmar "sannu da aiki, miyar nan ta yi daɗi" ba a sayenta da kuɗi.

Akwai kuma gargaɗi, domin wani lokaci tsoron da mata ke yi gaskiya ne. Rage sitaci aka ce, ba a ce a daina cin abinci ba. Wanda ke yin allurar insulin ko shan wasu ƙwayoyin rage sukari, in ya yanke tuwo gaba ɗaya ba da sanin likita ba, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da lamba 70. Alamunsa su ne rawar jiki, gumi, jiri da gushewar hankali, kuma yana iya kisa. Mu manoma da ke wuni muna huɗa a rana mun fi kowa shiga wannan haɗari. Don haka a sanar da uwargida alamun, ta san cewa a irin wannan hali, in mutum yana iya haɗiya, ruwan sukari ake ba shi nan take a garzaya asibiti. Da damina ta kama, ko azumi ya matso, a koma wurin likita ya duba yawan magani da abinci. Mai ciwon ƙoda da mace mai juna biyu kuwa kada su ari tsarin wani, nasu daban ne.

Haka nan kada a ruɗe mu da cewa tuwon alkama ko na acca ba su da laifi, a ci a ƙoshi. Su ma sitaci ne, a ma'auni ake cinsu. Zuma da dabino ma zaƙi ne. Masu yawo da lasifika a kasuwa suna cewa kwalba ɗaya ta raba ka da ciwon sukari har abada, a yi hattara da su, kada a ajiye maganin asibiti saboda maganarsu.

Daga ƙarshe ina kira ga iyayenmu mata da ƙannenmu matan aure, in maigida ya rage loma kada ku ɗauka raini ne. Gara ya ci rabin malmala shekara 30 yana fita nema, da ya ci uku ya kwanta ku koma jinya. Ina kuma roƙon malaman asibitocinmu su riƙa cewa majinyaci ya zo da wadda ke yi masa girki, domin bayanin da aka yi wa namiji shi kaɗai a ƙofar gida yake tsayawa. Ranar 14 ga Nuwamba ta kowace shekara ita ce ranar ciwon sukari ta duniya. Ina ma ƙananan hukumominmu za su riƙa amfani da ita su kawo awo kasuwannin ƙauye, su kuma aika ma'aikatan lafiya mata cikin gidaje su wayar da kan matan aure. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya zaunar da gidajenmu lafiya, amin.

Naku a kullum,
Wani manomi mai 'yar tireda.