Dora Akunyili da Yaƙin Jabun Magunguna

Mai cutar suga da ya dogara da allurar insulin ba shi da hanyar sanin abin da ke cikin kwalbar da ya saya. Ruwa ne dai yake gani a 'yar kwalba mai tambari. In jabu ce, zai yi ta tsira wa kansa allura kan lokaci, suga na ta hawa, dangi na cewa ciwon ne ya ci ƙarfinsa. Haka Vivian, 'yar'uwar Dora Akunyili, ta rasu a 1988. A lokacin Dora ta shekara goma da samun digirin harhaɗa magunguna a Jami'ar Nsukka, har ta ƙara da digirin digirgir a 1985, amma duk iliminta bai ceci 'yar'uwarta ba. A ganina, wanda bai san wannan rashi ba zai sha wuyar gane zafin da ta zo da shi aikin gwamnati.

An haife ta a Makurɗi a 1954, asalinta kuwa jihar Anambra. Ta koyar a jami'a, ta kuma yi aiki a hukumar asusun rarar man fetur, PTF, wadda Janar Muhammadu Buhari ya shugabanta. A can aka fara jin sunanta. An ba ta kuɗin jinya ta tafi Landan domin a yi mata tiyata, likitoci suka duba suka ce ba ta bukata. Da ta dawo sai ta mayar wa hukuma ragowar kuɗin, fam dubu 12. Duk wanda ya san yadda kuɗin jinyar ƙasar waje ke salwancewa a ofisoshinmu ya san abin da ta yi ba ƙarami ba ne.

A 2001 Shugaba Obasanjo ya naɗa ta shugabar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna da aka kafa a 1993. Ta tarar da kasuwa ta lalace. Akwai kafso da aka cika da alli ko gari. Akwai maganin da wa'adinsa ya ƙare aka sauya masa kwanan wata. Akwai kuma wanda aka sa masa ɗan sinadarin gaske kaɗan don ya yi ɗaci a baki. Wannan na ƙarshen ya fi sauran sharri: ba ya kashe ƙwayar cutar, sai dai ya saba mata da magani, ta yadda ko na gaske aka kawo daga baya ba zai yi aiki ba. Mai harhaɗa magunguna ya san wannan tun yana ɗalibi, shi ya sa Dora ba ta ɗauki jabun magani a matsayin algus irin na kasuwa ba. Kisan kai ta ɗauke shi.

Daga cikin gida ta fara, ta sallami ma'aikatan da aka samu da karɓar na goro. Ta haramta wa kamfanonin Indiya da Sin da dama shigo da kayansu. Aka riƙa tara jabun magunguna tuli guda ana cinna musu wuta a bainar jama'a, 'yan jarida na ɗauka. Ta hana masu gidajen burodi sa sinadarin bromet, ta tilasta wa masu fiya wata yin rajista. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta ja talaka cikin yaƙin. Da sanarwar rediyo da talabijin ta koya wa mutane su juya kwali su nemi lambar NAFDAC, har ta kai uwa a ƙauye tana tambayar mai kemis ko maganin yana da lamba.

Masu cin abinci da wannan haramtacciyar sana'a ba su naɗe hannu ba. Ranar 26 ga Disamba 2003 'yan bindiga suka buɗe wa motarta wuta a Anambra. Harsashi ya huda ɗankwalinta ya shafi fatar kanta, wani direban bas da ke kusa ya rasa ransa. A Maris 2004 ofisoshin hukumar na Legas da ɗakin gwajinta na Kaduna suka ƙone. Ba ta ajiye aiki ba. A 2007 ma ta rufe babbar kasuwar magani ta Onitsha na tsawon watanni. Alƙaluman da hukumar ta bayar sun ce jabun magunguna sun ragu daga kashi 41 cikin ɗari a 2001 zuwa kusan kashi 16 a 2006.

A ƙarshen 2008 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya naɗa ta ministar yaɗa labarai. Ni dai ina ganin an ɗauke ta daga inda ta fi amfani, domin gyaran sunan Najeriya ta hanyar take da kirari, wanda ta sa a gaba a can, ba aikinta ba ne. Duk da haka halinta bai sauya ba: a Fabrairun 2010, shugaban ƙasa na jinya a Saudiyya ministoci sun yi gum, ita ce ta rubuta wa majalisar zartarwa cewa a miƙa wa mataimakinsa riƙon mulki. Ta nemi kujerar sanata a 2011 ba ta samu ba. Ciwon daji ya yi ajalinta a wani asibiti a Indiya ranar 7 ga Yuni 2014.

Yaƙin nan har yau bai ƙare ba, mu a Arewa mun fi kowa sani. Sai a 2018 aka haramta maganin tari mai kodin, bayan ya riga ya lalata mana samari da matan aure. A Kano an daɗe ana kai ruwa rana kafin dillalan magani na Sabon Gari su fara komawa cibiyar Dangwauro, inda hukuma za ta iya sa musu ido. Masu tallar magani a faranti suna nan a tashoshin mota, rana na dukan kayan tun safe. Kai mai karatu, kada ka sayi magani a hannunsu. Je ka kantin magani mai rajista, ka duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi kafin ka ba iyalinka.