Awon kunnen ma'aikata: yaushe ne za a yarda da shi?

Da yawa cikin samarinmu suna aiki kusa da mashin mai ƙara. Wasu suna wurin injin niƙa, wasu garaji, wasu gidan siminti na Malbaza ko ma'adinan Arlit. Ƙara mai ƙarfi tana cin kunne sannu sannu, ba ciwo, ba jini. Cikin kunne akwai wasu ƴan ƙananan gasusuwa masu kama sauti. In sun mutu, ba su sake tsirowa.

Ana auna ƙarfin ƙara da ma'aunin da ake kira desibel. Hira tsakanin mutum biyu tana kai desibel 60. Daga desibel 85, aikin awa 8 kullum yana iya lalata kunne. Ga alama mai sauƙi: in sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, to ƙarar ta yi yawa.

Yaya ake awon?

Likita yana zaunar da mutum cikin ɗaki shiru, ya sa masa abin saurare a kunne. Na'ura tana fito da sauti, wani siriri, wani kakkaura. In mutum ya ji, sai ya ɗaga hannu ko ya danna maɓalli. Ana rubuta sauti mafi ƙanƙanta da kowane kunne ya ji. Ɓarnar ƙara takan fara daga siraran sautuka, shi ya sa na'ura take ganin ta tun mai kunnen bai sani ba.

Me ke ɓata awo?

Amsar tana fitowa daga mutum ne, don haka awo yana iya kuskure. Ko mai lafiyar kunne, in an auna shi sau biyu, ana iya samun bambancin desibel 5. Ga abubuwan da ke ruɗa likita:

1. Zuwa awo daga bakin mashin. Kunnen da ya sha ƙara yana gajiya, ya yi kamar ya kurumce, sa'an nan ya farfaɗo. A Amurka doka ta ce a huta wa ƙarar aiki awa 14 kafin awon farko.
2. Mura, ko dauɗa da ta toshe kunne.
3. Hayaniya a ɗakin awo, ko na'urar da ba a daidaita ba.
4. Ɗaga hannu alhali ba a ji kome ba, don tsoron rasa aiki.

Abin da ya kamata

Awo ɗaya bai isa shaida ba. A auna mutum lokacin da ya kama aiki, a ajiye takardar. Kowace shekara a sake, a gwada da ta farko. In ji ya ragu da desibel 10 ko fiye, a maimaita awon bayan kunne ya huta. Ma'aikaci ya riƙe takardunsa da kyau, domin su ne shaidarsa ranar neman hakki.

Amma awo ba magani ba ne, labarin ɓarna kawai yake bayarwa. Ku toshe kunnuwa da abin da aka yi domin haka, auduga ba ta tare ƙara sosai. Kada ku bar yara su wuni bakin injin niƙa. Ku karanta wa maƙwabta wannan labari. Rigakafi ya fi magani.