Yada Zango a Cikin Kwazazzabo: Abin da Ya Kamata Matafiyi Ya Sani Kafin Ya Gangara

Kwazazzabo shi ne kwari mai zurfi wanda ruwa ya daɗe yana sassaƙa shi a cikin dutse, har bango ya tsaya a kowane gefe, kogi ko rafi kuma yana bi ta can ƙasa. A ƙasashe da dama, musamman Amurka, hukumomin gandun daji kan keɓe ɗan fili a cikin irin wannan wuri domin masu yawon buɗe ido su kafa tanti su kwana, in gari ya waye su bi turbobin ƙafa da aka fitar a jikin duwatsu. Ɗalibai da ma'aikata Hausawa mazauna waɗannan ƙasashe kan samu gayyatar abokan karatu ko abokan aiki zuwa irin wannan tafiya, kuma da yawa kan ɗauke ta a matsayin hutun ƙarshen mako wanda ba ya bukatar wani dogon shiri. Gaskiyar lamari ita ce kwazazzabo yana juya wa matafiyi abubuwan da ya saba da su: wahalar tafiya tana zuwa a ƙarshe lokacin da ƙarfi ya ƙare, zafi yana ƙaruwa gwargwadon yadda ake gangarawa, ruwan da ke halaka mutane kuma sau da yawa yakan zo ne daga hadarin da ba su gani ba. Saboda haka duk wata kariya da mutum zai samu, tun yana bakin kwazazzabon ya kamata ya tanade ta.

Sansanin Bright Angel

Misalin da ya fi bayyana wannan batu shi ne sansanin Bright Angel da ke ƙasan Grand Canyon a jihar Arizona, kwazazzabon da Kogin Kolorado ya sassaƙa, mai tsawon kimanin kilomita 446 da zurfin da ya haura mita 1,600, wanda aka mai da shi gandun ƙasa a shekarar 1919. Sansanin ƙarami ne, wuraren kafa tantin da ke cikinsa talatin ne da 'yan kai, a jere a bakin wani rafi mai sanyi a ƙarƙashin inuwar bishiyoyi, kusa da masaukin Phantom Ranch wanda aka gina a 1922 bisa zanen Mary Colter. Mota ba ta zuwa wurin, sai dai a ƙafa, ko a bayan alfadari, ko ta jirgin ruwa a kan kogi. Daga bakin kwazazzabon na kudu turbobi biyu ne ke kaiwa can: ta South Kaibab mai nisan kimanin kilomita 11, wadda ta fi tsaurin gangara, ba ta da ruwan sha ko kaɗan, inuwa ma sai jefi-jefi, da ta Bright Angel mai nisan kimanin kilomita 15, wadda ke da rumfunan hutawa da wani zangon tsakiya mai suna Havasupai Gardens.

Ba a kwana a wurin sai da takardar izini, wadda ake nema ta intanet watanni kafin tafiya, kuma saboda yawan masu so, da ƙuri'a ake raba gurabe. Wannan ƙa'ida tana taƙaita yawan jama'a, tana kuma bai wa jami'an gandun damar sanin wanda ke ƙasa da ranar da ya kamata ya fito, abin da ke da matuƙar muhimmanci a wurin da wayar salula ba ta kama sabis.

Gangara, hawa da zafi

Mai hawan dutse yakan fara da wahala yana da ƙarfinsa, in ya gaji ya juya ya sauko cikin sauƙi. Mai shiga kwazazzabo kuwa tamkar mai shiga rijiya ne, saukar ba ta gaya masa abin da fitar za ta ci. Jami'an gandun suna shawartar matafiya su ƙiyasta cewa hawa zai ɗauki ninki biyu na lokacin da gangara ta ɗauka, suna kuma gargaɗi mai tsanani a kan yunƙurin zuwa kogi a dawo a rana ɗaya. Duk da haka, fiye da mutum 250 ake cetowa daga kwazazzabon kowace shekara, kuma cikinsu akwai samari majiya ƙarfi masu motsa jiki, waɗanda ƙarfin nasu ne ya sa suka raina tafiyar.

Tsakanin farkon turbar South Kaibab da sansanin akwai bambancin tsawo na kusan mita 1,450, iska kuma tana ƙara ɗumi da kimanin digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyas duk mita 100 da aka gangara. Ke nan mutumin da ya taso da safe cikin ni'ima yana sanye da rigar sanyi, zai iya tarar da zafin da ya haura digiri 40 a ƙasa a watan Yuli, wani lokaci ma yakan kusanci 49 a cikin inuwa. Baƙaƙen duwatsun da ke can ciki suna shan rana duk wuni, da dare su riƙa fitar da zafin, har kwanciya a cikin tanti ta gagara. Wannan ne dalilin da ya sa ake shawartar matafiya su guji tafiya tsakanin ƙarfe 10 na safe da ƙarfe 4 na yamma a lokacin zafi: a tashi tun kafin asuba da tocila, in rana ta take a nemi inuwa a bakin rafi, a jiƙa riga da hula, a jira la'asar. Mutumin da ya girma a ƙasa mai zafi bai kamata ya dogara da sabonsa ba, domin jure rana a zaune ko a kan hanya shimfiɗaɗɗiya daban yake da hawan tudu na awa shida ko takwas da jaka mai nauyi a baya.

Matakin farko na illar zafi shi ne galabaita, inda mutum ke zufa mai yawa, fuskarsa ta koɗe, kansa ya yi ciwo, zuciyarsa ta riƙa tashi, tsokar ƙafarsa ta ɗaure; maganinsa hutu a inuwa da sanyaya jiki da ci da sha. Idan kuwa zafin jiki ya haura digiri 40, mutum ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko ya kasa gane abokan tafiyarsa, to ƙwaƙwalwa ta fara taɓuwa, rai na cikin haɗari, wajibi ne a kwarara masa ruwa a jiki ana yi masa fifita ba ƙaƙƙautawa, wani kuma ya ruga neman taimako.

Ruwan sha da gishiri

Mai tafiya cikin zafi yakan zubar da rabin lita zuwa lita ɗaya ta zufa a kowace awa, in yana hawa cikin rana ma abin kan kai lita biyu, kuma saboda bushewar iska zufar tana bushewa nan take, mutum ba ya ganin abin da yake rasawa sai dai farin gishiri a jikin rigarsa. Kowa ya san illar ƙishirwa, amma akwai wata illa da mutane ƙalilan suka sani, wato raguwar gishirin jini, wadda ke faruwa idan mutum ya yi ta kwankwaɗar ruwa zalla ba ya cin komai, alhali zufa na fitar da gishirin jikinsa. Alamominta suna kama da na galabaita, amai da ciwon kai da ruɗewa, sai dai mai ita yakan yawaita fitsari, kuma idan aka ƙara ɗura masa ruwa da niyyar taimako ana iya jefa shi cikin farfaɗiya da suma. Rigakafinta shi ne a sha gwargwadon ƙishirwa, a riƙa haɗawa da abinci mai gishiri irin su gyaɗa da biskit da busasshen nama, a kuma riƙe ƙunshin garin gishiri da sukari irin wanda ake dama wa mai gudawa.

Famfunan da ke sansanin da rumfunan hanya suna samun ruwa ne daga wani bututu mai tsawon kimanin kilomita 20 da aka shimfiɗa a shekarun 1960, wanda yake yawan fashewa, wasu famfunan kuma ana rufe su a lokacin sanyi. Don haka ana bukatar matafiyi ya binciki halin da ruwa ke ciki a ranar tafiyarsa, ya kuma riƙe matatar ruwa ko ƙwayoyin tsarkake shi, domin ruwan rafi, komai garai-garai ɗinsa, ba a shan sa ɗanye. Shi kuwa Kogin Kolorado, ruwansa daga ƙasan madatsar Glen Canyon yake fitowa, yana da sanyi da ƙarfin igiya, an kuma hana iyo a cikinsa.

Ambaliyar bazata

Mafi munin haɗarin kwana a kwazazzabo shi ne ambaliyar bazata, wato ruwan da ke cika kwari cikin 'yan mintoci. Dutse da siririyar ƙasar hamada ba sa tsotse ruwan sama, saboda haka duk abin da ya zuba a fili mai faɗin kilomitoci yakan gangaro ya taru a maƙogwaro ɗaya, ya taho da laka da duwatsu da kututturan itace. Mutanen Nijar sun san wannan hali na koramu, domin a farkon Satumbar 2009 ruwan da ya gangaro daga duwatsun Azbin ta koramar Telwa ya rushe dubban gidaje a Agadas. A kudu maso yammacin Amurka lokacin wannan haɗari shi ne Yuli zuwa Satumba, sa'ad da hadari kan haɗu da rana tsaka ko da yamma.

A ranar 12 ga Agustan 1997 ruwa ya ci masu yawon buɗe ido 11 a kwazazzabon Antelope na jihar Arizona, alhali ruwan da aka yi a inda suke bai taka kara ya karya ba, hadarin ya zuba ne kilomitoci da dama daga sama. A daren 10 zuwa 11 ga Yunin 2010, kogin Little Missouri ya tashi da kimanin mita shida cikin 'yan awoyi, ya rufe sansanin Albert Pike na jihar Arkansas mutane suna barci, 20 suka rasu, kuma sanarwar gargaɗin da masu hasashen yanayi suka fitar ba ta isa ga yawancinsu ba saboda dare da rashin sabis. A kwazazzabon Big Thompson na jihar Kolorado, ambaliyar 31 ga Yulin 1976 ta halaka mutum 144, kuma da yawa daga cikinsu a mota ruwan ya riske su suna ƙoƙarin tsere masa a kan hanya, yayin da waɗanda suka bar motocinsu suka hau jikin dutse suka tsira. Tun daga lokacin aka kakkafa alluna a kwazazzaban jihar masu umartar mutane su hau sama idan ruwa ya taso. Ko a Agustan 2024 sai da aka kwashe sama da mutum 100 da jirage masu saukar ungulu daga kwazazzabon Havasu da ke yankin Grand Canyon.

Darasin waɗannan aukuwa a bayyane yake. Wanda ya isa sansani ya kamata ya zagaya tun da sauran haske, ya ɗaga kai ya dubi rassan bishiyoyi: busasshiyar ciyawa da karare da suka maƙale a reshe sama da tsayin mutum, ko layin busasshiyar laka a jikin dutse, shaida ce ta inda ruwa ya taɓa kaiwa. Ya zaɓi wurin da zai hau idan ta ɓaci, ya nuna wa kowa har da yara, ya kwana da takalmi da tocila a kusa da kansa. Idan rafi mai tsabta ya rikiɗe ya yi ja, ko ya fara kawo ganye da itace, ko aka ji ruri daga sama kamar na babbar mota, to ba lokacin naɗe tanti ko neman jaka ba ne, sai a hau tudu mafi kusa nan take. Ba a gudu ta inda ruwa ke gangarawa domin ya fi mutum sauri, ba a kuma gwada ƙetare shi, domin ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum.

Dabbobi da dokokin zango

Ɓeraye da kurege da hankaki sun saba da mutane, suna huda tanti da jaka domin abinci, shi ya sa aka tanadi akwatunan ƙarfe a kowane gurbi inda ake kulle duk wani abu mai ƙamshi, har da man goge baki. Ciyar da dabbobi laifi ne, kurege kuma yana cikin dabbobin da suka fi cizon baƙi a gandun. Ana kakkaɓe takalmi da shimfiɗa saboda kunama, ba a kuma cusa hannu a ramin dutse saboda maciji. An haramta hura wuta a ƙasan kwazazzabon, sai dai ɗan risho na gas, kuma duk sharar da mutum ya tara da ita zai fito. Idan ayarin alfadarai ya taho, mai ƙafa ne ke raɓewa ta gefen bango, ya yi shiru har su wuce.

Kafin a ɗaura jaka

Mafi yawan waɗannan haɗura ana kauce musu ne da shawarar da ake yankewa a gida: a zaɓi watannin Maris da Afrilu ko Oktoba da Nuwamba maimakon tsakiyar zafi, a tuna cewa a lokacin sanyi ƙanƙara kan daskare a saman turbobi, a horar da jiki da hawan tudu makonni kafin tafiya, mai ciwon zuciya ko ciwon sukari ko asma ya fara ganin likita. A bar wa wani amintacce bayanin turbar da za a bi da ranar fitowa, kada a tafi mutum ɗaya, kada kuma ayari ya rabu ya bar mai rauni a baya. Idan hasashen yanayi ya nuna hadari ko tsananin zafi, ko jami'an gandun suka rufe hanya, ɗage tafiya shi ne daidai ko da an yi asarar kuɗin izini, domin hanyar lafiya a bi ta da shekara, ceto kuma a irin wannan wuri yakan ɗauki awoyi kafin ya iso.