MASU RABON FAƊA A GIDAJEN RAWA NA KEFFI

Garin Keffi ya bunƙasa ƙwarai tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, kuma Jami'ar Jihar ta soma aiki a 2002. Ɗalibai da ma'aikatan Abuja sun cika garin, otal-otal da gidajen rawa suka yawaita. To, inda aka haɗu da giya da kiɗa da samari, ba a rasa faɗa. Shi ya sa masu gidajen suke ɗaukar ƙarti su tsare ƙofa.

Aikin yana somawa ne tun daga ƙofa, inda ake laluben kowa don kada wuƙa ta shiga, a kuma mai da wanda ya riga ya bugu. In faɗa ya kaure a ciki, sai a tsai da kiɗa a kunna fitilu duka, domin mutum yakan ji kunya in ya ga idon jama'a a kansa. Sa'an nan a kwashe kwalabe, don fasasshiyar kwalba ita ce makamin da ya fi kusa.

Gwanin aikin ba ya shiga tsakiyar masu faɗa shi kaɗai. Mutum biyu-biyu suke kama kowane ɗaya ta baya, su riƙe hannuwansa, su fitar da su ta ƙofa dabam-dabam, don kada a ƙarasa rigimar a bakin titi. Ba a shaƙe wuya, ba a kuma danne ƙirjin wanda ya faɗi, gama numfashi yana iya ɗaukewa cikin 'yan mintoci. Wanda ya ji rauni sai a garzaya da shi Asibitin Tarayya na Keffi.

Wannan magana ta shafi 'yan'uwa masu gadi a Legas da Badun da Fatakwal. Dokar kamfanonin gadi ta 1986 ta hana su riƙe bindiga, kuma hukumar Sibil Difens ce ke sa ido a kansu. Doka ta yarda mutum ya kāre kansa gwargwadon barazanar da ke gabansa, ya kuma kama mai laifi, amma tilas ya miƙa shi ga 'yan sanda ba da jinkiri ba. Mai gadin da ya zarce ya yi duka har aka rasa rai, shi zai tsaya gaban alƙali, sau da yawa kuma maigidan da ya ɗauke shi ba zai leƙo kotu ba.