Koyon Aikin Malamin Magani a Mancesta da Bamingam

A ɗakin magani na ƙasar Ingila akwai ma'aikata iri biyu waɗanda hukuma ke rubuta sunayensu. Na fari shi ne masanin magunguna, wanda ya yi shekara huɗu a jami'a, ya ƙara shekara guda ta gwajin aiki. Jami'ar Mancesta tana koyar da irin waɗannan, haka kuma Jami'ar Aston da ke Bamingam. Na biyu shi ne wanda Turawa ke kira teknishan, watau malamin magani. Shi ne ke karɓar takardar likita, ya ƙidaya ƙwayoyi, ya auna na ruwa, ya manna takardar bayani a jikin kwalba. Aikinsa ya yi kama da na disfensa na asibitocin Arewa a zamanin da.

Dalilin da ya sa ba a barin kowa ya taɓa wannan aiki sai da koyo, tsohon labari ne. A shekarar 1858, a garin Bradford, wanda ba shi da nisa da Mancesta, sukari yana da tsada, saboda haka masu yin alewa su kan gauraya shi da wani farin gari mai araha. Wani mai alewa ya aika a sayo masa garin nan a kantin magani. Mai kantin kuwa yana kwance ba lafiya, sai ya sa yaronsa ya ɗebo. Yaron bai daɗe da fara aiki ba. Ya buɗe wata ganga ya auno farin gari, ashe guba ce mai suna asinik. Aka yi alewa da ita aka sayar a kasuwa. Mutum fiye da 200 suka kwanta, kimanin 20 suka mutu, da yawansu yara. Wannan masifa tana cikin abubuwan da suka jawo dokar 1868, wadda ta ƙayyade waɗanda ke da iznin sayar da guba.

Amma dokar nan a kan masana ta tsaya. Mataimakansu sun daɗe suna aiki ba rajista, ko da yake sun kafa ƙungiyarsu tun 1952. A 2010 aka kafa majalisar da ke kula da sana'ar magunguna a Ingila da Sikotlan da Wales, wadda ake kira GPhC. Daga ran 1 ga Yuli 2011 kuwa, laifi ne mutum ya kira kansa da sunan wannan sana'a in babu sunansa a littafin majalisar. Yanzu waɗanda ke cikin littafin sun haura 25,000.

To, ga yadda ake shiga. Mai so ya kan zo da takardar gama sakandare, galibi da ci a Turanci da lissafi da kimiyya. Ba ya fara zama a aji tukuna, aiki ya ke fara nema. Ya kan sami gurbin almajiri a kantin magani na unguwa, ko a babban asibiti irin su Manchester Royal Infirmary, wanda aka kafa tun 1752, ko asibitin Sarauniya Elizabeth na Bamingam. Ana biyansa albashi tun yana koyo. Koyon shekara biyu ne, kuma tilas ya yi aiki aƙalla awa 14 kowane mako a ƙarƙashin masanin magunguna ko malamin magani mai rajista. Tare da aikin ya ke karatu, wasu su je kwaleji rana guda a mako, wasu su yi ta intanet, har ya sami difloma ta mataki na uku.

A karatun ana koya masa yadda jikin mutum ya ke aiki, da yadda kowane magani ke shiga jiki ya fita, da magungunan da ba a haɗa su tare. Ana koya masa doka, musamman ta 1971 mai kula da magunguna masu bugarwa irin su mofin. Waɗannan a akwatin ƙarfe mai kulle ake ajiye su, kuma duk abin da ya shiga ko ya fita sai an rubuta. Ana koya masa ajiya: insulin da alluran rigakafi a firji su ke zama, tsakanin digiri 2 da 8 na ma'aunin Salsiyas.

Amma abin da ya fi kayar da almajirai shi ne lissafi. Ga irin tambayar da a kan yi musu. Yaro yana da nauyin kilo 20, likita ya rubuta miligiram 15 ga kowane kilo. Maganin ruwa ne, akwai miligiram 250 cikin kowane mililita 5. Nawa za a ba shi? Amsa ita ce miligiram 300, watau mililita 6. Lissafin ba wuya, sai dai wanda ya ƙara sifiri ɗaya ya ba yaron ninki goma. Don haka ne aka shimfiɗa al'ada: wanda ya haɗa magani ba shi ne ke dubawar ƙarshe ba, sai wani ya sake gwada kwalba da takardar likita. In an kama kuskure kafin magani ya fita, a kan rubuta shi a littafi, domin a gane inda ƙafa ke zamewa a gyara.

Bayan shekara biyu, sai ya kai wa majalisa takardunsa da shaidar lafiya da ta halin kirki, ya biya kuɗi, a ba shi lamba. Lambar nan kowa na iya dubawa a intanet. Ba a nan karatu ya ƙare ba. Kowace shekara sai ya sabunta rajista, ya nuna abin da ya ƙaru da shi na ilmi. In ya yi sakaci ko ha'inci, majalisa tana da ikon soke sunansa, sana'a ta kuɓuce masa ke nan.

Wanda ya dage kuwa, hanya a buɗe ta ke. Wasu su kan ƙara horo su zama masu dubawar ƙarshe. Wasu su kan shiga ɗakin da ba ƙwayar cuta, sanye da riga da takunkumi, suna haɗa magungunan ciwon daji, kamar yadda ake yi a asibitin Christie na Mancesta. Wasu su kan zaga ɗakunan majinyata suna tambayar wanda aka kwantar abin da ya ke sha a gida. A nan jin harshen majinyaci yana da amfani ƙwarai, gama garuruwan nan biyu cike su ke da baƙi daga Afirka da Asiya. Tun Yuni 2024 kuma doka ta yarda su ba da wasu magunguna da allurai bisa rubutaccen umurni, ba sai likita ya rubuta wa kowane mutum takarda ba.

A Nijeriya ma kwalejojin fasahar kiwon lafiya suna horar da malaman magani, majalisar magunguna ta ƙasa tana yi musu rajista bisa dokar 2022. Amma wanda ya tafi Ingila da takardarsa ta gida, ba za ta shigar da shi littafin can ba, sai ya koma almajiri ya sami tasu. Waɗansu su kan ga wannan kamar komawa baya ne. Majalisar kuwa abin da ta ke dubawa shi ne majinyaci, wanda ba ya iya bambanta wannan farar ƙwaya da waccan, sai dai ya sha abin da aka miƙa masa.