Godiyar Yaro Kamar Ajiyar Goro Ce

Duk wanda ya tashi a Zangon Agege ya san ba a ajiye goro a manta da shi. Tun da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a 1912, fatake suka samu sauƙin doguwar tafiyar Gwanja, suka karkato nan inda a lokacin gonakin goro ke kusa da tasha, unguwar ta ginu a kan huhu da kwando. Kakannin da yawa daga cikinmu goro ne ya kawo su, shi ya zaunar da su. Har yau in dattijon ɗan goro ya tashi duba hajarsa, sai ya kwance huhu, ya baje goron, ya bi shi ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Wanda sankara ta taɓa ya fid da shi gefe, don in ya bar shi zai shafi 'yan'uwansa. Ya canza ganyen da ya bushe, ya yayyafa ruwa daidai misali, ya mayar ya ɗaure. Bayan kwana biyu ya sake kwancewa. Da irin wannan ɗawainiya sabon goro ke zama daushe, wanda masu ci ke nema da kuɗinsu.

Koya wa ƙaramin yaro godiya haka yake. Mu kuwa yawancinmu yayyafi ɗaya muke yi mu ɗaure huhu. Baƙo ya miƙa wa yaro biskit, uwa ta ce, "Ba ka iya cewa ka gode ba?" Yaro ya ce "na gode" idonsa na kan leda, ya ruga waje. Ba laifi ba ne, daga nan ake farawa, ɗan shekara biyu ko uku da baki yake koyo kafin zuciya ta biyo. Amma in an tsaya a nan, kalma kawai ya haddace.

Iyayenmu sun fi mu dabara, kuma dabarar tasu aike ce. Ranar Babbar Sallah a ɗora wa yaro kwanon nama a ce kai gidan wane. Ya je ya durƙusa ya ce, "Baba ya ce a kawo." Matar gidan ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Kai, madalla! Ka ce an gode, Allah ya maimaita mana, Allah ya ƙara buɗi." Ta kwance bakin zane ta ba shi tukuici. In ya dawo gida ba a barinsa ya wuce wasa sai an tambaye shi, "Me suka ce?" Dole ya maimaita godiyar da bakinsa, kalma bayan kalma. A yini ɗaya yaron ya ɗauko godiyar gida biyar ko shida a kansa, ya ga yadda babba ke sakin fuska a kan ɗan abu kaɗan, ya ji daɗin da mai bayarwa ke ji in an yaba. Yaba kyauta tukuici, in ji Hausawa, kuma yaron nan da ƙafarsa ya koyi ma'anarsa.

Yanzu kyauta ta koma cikin waya. Kawu ya turo kuɗin kayan Sallah daga Kano, saƙo ya shigo wayar uba, a je kasuwa a sayo shadda a kai wa tela. Yaro ya sa riga yana taƙama, bai san akwai wani kawu a cikin maganar ba. Ina zai ga wanda zai gode wa? Abin da ya rage mana shi ne mu kira kawun mu miƙa wa yaron wayar, ko da in'ina zai yi, ko da "Kawu, na ga riga" kaɗai zai iya faɗa.

Sai maganar sankara, wadda ita ta fi damuna, domin daga manya take shiga. Maƙwabci ya dawo daga gida ya kawo tsarabar ƙuli-ƙuli da daddawa, a yi ta "an gode, an gode" har bakin ƙofa. Yana juya baya uba ya ɗaga ledar ya ce, "Duk tafiyar nan ɗan wannan ya kawo?" Yaro na zaune a kan tabarma yana ji. A ranar ya gane cewa godiya abin da ake faɗa ne a gaban mutum, raini kuma shi ne gaskiyar ciki. Magana ɗaya irin wannan tana rushe tarbiyyar wata guda. Haka gidan da maigida bai taɓa ce wa uwargida "sannu da aiki" ba bayan ta yini a bakin murhu, ko gidan da ake sallamar mai ruwa da tsawa bayan ya turo kura cike da jarkoki ya jido su har tsakar gida. Ɗan irin wannan gida ko malamin Islamiyya ya karantar da shi hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, wanda ya ɗaure godiyar Allah da godiyar mutane, zai haddace ne don jarrabawa.

Ruwa ma in ya yi yawa goro ruɓewa yake. Akwai iyayen da ke tsare yaro a gaban baƙi, suna kiransa butulu don kunya ta hana shi buɗe baki, ko su riƙa yi masa gori kullum: ni na saya maka, ni na biya maka. Yaron da aka yi wa haka godiya takan zame masa bashi mai nauyi, in ya girma ya riƙa gudun duk wanda ya taɓa yi masa alheri. Mai kunya a bar shi ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, uwa ta faɗa a madadinsa yana ji. Baki zai buɗe a kan lokacinsa.

Zaman Agege ya ba mu wata dama da 'yan'uwanmu na Arewa ba su da ita. Maƙwabtanmu Yarbawa in ka yi musu alheri yau, gobe in kun haɗu a bakin famfo sai sun sake yi maka godiyar jiya, kuma tun yara suna ƙanana ake sa su yi. Mu ma muna da ban-gajiya bayan biki ko suna, sai dai manya ke zuwa, a bar yara a gida. A riƙa tafiya da su.

Iyaye maza, wannan ba aikin mata kaɗai ba ne. Gobe in ka aiki ɗanka ya sayo burodi ya dawo da canji cif, ka dube shi ka ce, "Na gode, Allah ya yi maka albarka." In kuma maƙwabci ya aiko da abu, ka tura yaron da godiya, ya dawo ka tambaye shi me aka ce.