3.4 Cutar Dawaki ta Afirka da Hanyoyin Rigakafinta a Birnin Katsina

Wannan sashe zai yi bayani a kan wata cuta mai kisan dawaki wadda masana kiwon lafiyar dabbobi ke kira cutar dawaki ta Afirka. Muhimmancin saninta a Katsina a fili yake, domin doki shi ne ƙashin bayan Hawan Sallah da kuma wasan folo, wanda ya kafu a garin tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko (1906-1944), ya kuma bunƙasa a zamanin Sarki Usman Nagogo (1944-1981).

3.4.1 Musabbabi da Yaɗuwa

Ƙwayar cuta ce nau'in bairos ke haddasa ta, kuma tana da iri 9. Doki ba ya shafa wa doki ita kai tsaye, sai ta hanyar cizon ƙyashi, wato ɗan mitsitsin ƙwaron nan da tsawonsa bai wuce milimita 3 ba. Shi wannan ƙwaro yana hayayyafa ne a cikin ƙasa mai danshi wadda ta cuɗanya da kashin dabbobi, yana kuma fitowa cizo daga faɗuwar rana zuwa wayewar gari. Saboda haka haɗarin ya fi yawa da damina da farkon kaka. Jakai kan ɗauki ƙwayar ba tare da sun nuna alama sosai ba. Cutar ba ta kama mutum.

Ɓarnarta ba ƙarama ba ce. A tsakanin 1854 da 1855 ta kashe dawaki kimanin 70,000 a kudancin Afirka. A Nijeriya kuwa, an sami ɓarkewar iri na 2 a Legas a shekarar 2007.

3.4.2 Alamomi

Cutar takan bayyana ta fuska huɗu. Ta farko ita ce mai kama huhu, inda dokin zai yi zazzaɓi mai zafi da haki da tari, kumfa ta dinga fita ta hancinsa, kuma yakan mutu cikin sa'o'i kaɗan. Ta biyu mai kama zuciya ce, wadda ake ganewa da kumburin ramin da ke saman ido da kai da wuya. Ta uku takan haɗa alamomin biyun, ta huɗu kuwa zazzaɓi ne mai sauƙi. A cikin dawakin da ba su taɓa haɗuwa da ƙwayar ba, mutuwa kan kai kashi 90 cikin 100. Wannan ne ya sa dawakin folo da ake shigowa da su daga ƙasashen waje suka fi na gida shiga haɗari.

3.4.3 Rigakafi

Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da wannan cuta ba, don haka tsare doki tun kafin ya kamu shi ne abin dogaro. Mataki na farko shi ne allurar rigakafi kowace shekara kafin saukar damina. Wajibi ne allurar ta dace da irin ƙwayar da ke yawo, domin kariya daga iri ɗaya ba ta wadatarwa ga sauran.

Mataki na biyu shi ne shigar da dawaki barga kafin magariba, a bar su ciki har rana ta fito. A rufe tagogi da raga mai ƙananan idanu wadda aka fesa wa maganin ƙwari, saboda ƙyashi na iya ratsa ragar sauro. Haka kuma a riƙa kwashe kashi, a gyara wurin shayarwa don kada ruwa ya kwanta kusa da turke.

Mataki na uku ya shafi taruwar dawaki. Da yake watan Sallah yana zagayawa, akwai shekarun da hawa ke faɗowa cikin damina, alhali hakimai sun shigo birni da dawakinsu daga gundumomi daban-daban. A irin wannan lokaci ya kamata a duba zafin jikin kowane doki, a keɓe mai zazzaɓi, a sanar da likitan dabbobi nan take domin a aika da jininsa Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a tabbatar da cutar.